In banki na bin ka ya san ƙofar gidanku, in kai ke bin sa fa?

Sai bayan an share makokin Kawu da kusan sati biyu sannan aka buɗe adakarsa, dama ita ce ba mai taɓawa tun yana raye, makullin kullum yana aljihun 'yar cikinsa. Inna ce ta zaro wata leda ta miƙo min ta ce "ɗan nan duba min wannan, in takardun asibiti ne a ƙona su, bana son ganinsu." Ba na asibiti ba ne. Littafin ajiya ne na banki irin na da wanda kashiya ke rubutawa da biro ya buga hatimi, da takardun hannun jari guda uku, da wani katin ATM da ya mutu tun tuni. Na ce Inna kin san Kawu yana da asusu a banki kaza? Ta ce ita dai ta san na fansho, wannan kam yau ta fara ji. Shekara talatin da wani abu suna tare fa.

Bankin da ke jikin littafin ma babu shi yanzu, an haɗiye shi an sake haɗiye wanda ya haɗiye shi. Wata tara na yi ina zarya kafin kuɗin su fito, kuma ba wasu kuɗi ne na a zo a gani ba, dubu ɗari da 'yan kai ne. A cikin wata taran nan ne wani abu ya tsaya min a rai wanda shi ya sa nake wannan rubutun: lokacin da Kawu ya taɓa cin bashin gyaran gida a wani bankin daban ya yi jinkirin wata biyu, har gida suka zo, sun san lungun, sun san mai shagon da ke kusa, sun san sunan wanda ya tsaya masa. Amma kuɗinsa da suka kwanta sama da shekara goma a hannun banki ko waya ɗaya ba a taɓa yi ba, ko wasiƙa.

Toh bari in faɗi yadda dokar take tukuna don kar a ce ihu nake bayan hari. A watan Yulin 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da sabbin ƙa'idoji kan asusun da aka daina amfani da su, wanda suka maye gurbin na 2015. In ka yi wata shida ba ka sa ba ba ka cire ba asusunka ya fara gyangyaɗi, in ya wuce shekara ɗaya ya yi barci ke nan, shi ne ma'aikatan banki ke ce maka ya zama "doman". In barcin ya kai shekara 10 bankin zai kwashe abin da ke ciki ya miƙa wa CBN, a zuba a wani asusun amana na bai ɗaya, CBN kuma ya juya su a takardun lamuni na gwamnati. Kuɗin ba su zama na gwamnati ba, naka ne har gobe, duk ranar da kai ko magadanka suka zo da shaida za a biya, kuma ba a ɗora wa'adin da zai ƙare ba. Ta bankinka za ka bi ba CBN kai tsaye ba, ka cike fom ɗin neman dawo da kuɗi, banki ya tantance cikin kwanakin aiki 10 ya tura, CBN ya biya cikin wasu kwanakin aiki 10. Farfaɗo da asusun da ya yi barci kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo wani abu cuta ce. Asusun da ake shari'a a kansa ko ake bincike ko aka jingina shi a kan bashi ba ya cikin waɗanda ake kwashewa.

A takarda wallahi ba laifi. Ni ina cikin waɗanda suka ga ya fi dacewa kuɗin su bar hannun bankunan kasuwanci, don da can su ke juya su suna cin riba, ƙananan asusu kuma cajin alat da cajin kati su yi ta gutsurar su har su ƙare ba wanda ya sani. Abin da ya dame ni shi ne duk tsarin an gina shi ne a kan "mai kuɗi ya zo." Kai za ka tuna, kai za ka nemo, kai za ka tabbatar kai ne kai. Wanda ya riƙe kuɗin kuma a aikace zama kawai yake yi yana jira.

Wa ma ke da irin waɗannan asusun? Ba Alhazawan da ke da akanta ba ne. Ɗan bautar ƙasa ne da aka tilasta wa buɗe asusu a sansani don alawi, ya gama ya koma garinsu inda bankin ba shi da reshe. Malamin firamare ne da ƙaramar hukuma ta canza wa bankin albashi sau uku. Matar da aka buɗe wa asusu don wani tallafi aka biya sau biyu aka daina. Ƙungiyar masallacin unguwa da ta 'yan kasuwa da mutum uku ke sa hannu, biyu sun rasu ɗaya ya tsufa ba ya fita. Mutanen da rikici ya kora daga garuruwansu a Borno da Yobe da Zamfara suka bar komai har da takardu, reshen bankin ma ya rufe. Sai kuma mamata, su ne suka fi yawa a zatona, irin su Kawu da suka tafi da sirrinsu.

Ga kuma rikicin sunayen bankunan kansu, wanda yaran yanzu ba su ma sani ba. Lokacin da Charles Soludo, gwamnan CBN na wancan lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North da iyayenmu suka sani, mai dogon benen nan na Kano, ya narke cikin Unity Bank a 2006 tare da wasu bankuna takwas. Habib ya haɗu da Platinum suka zama Bank PHB, a 2011 ya koma Keystone. Afribank ya zama Mainstreet a 2011, Skye ya saye shi, shi ma Skye ɗin a 2018 ya koma Polaris. Intercontinental da Diamond duk suna cikin Access yanzu, Oceanic yana cikin Ecobank, FinBank yana cikin FCMB, Standard Trust kuwa tun 2005 ya haɗe da UBA. Ka ga wanda ya tsinci littafin ajiyar babansa na 1998 sai ya fara zama masanin tarihi kafin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kuma lambar asusun da ke jiki ba irin ta yanzu mai lamba goma ba ce, yarinyar da ke kan kanta ba ta taɓa ganin irinta ba, sai ta kira wani ya kira wani, a ce ka dawo jibi an tura Legas.

Yanzu ga inda nake so a tsaya. Tun 14 ga Fabrairun 2014 da aka ƙaddamar da BVN, lambar tantance masu asusun banki, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN, duk asusun da mutum ke da shi a kowane banki ana iya ganinsa da lamba ɗaya. Kuma an riga an nuna mana abin da lambar nan za ta iya. Daga 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wato in ka ci bashin banki ka ƙi biya, bankin zai bi BVN ɗinka ya kwashi kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan, ba sai ya sallama maka ba tunda ka sa hannu tun ranar karɓar bashin. Madalla, mai bashi ya biya. To amma hanyar da mota ta bi ta shiga ai ita za ta bi ta fita. In za a iya bin BVN a ɗauka me ya hana a bi BVN a mayar? Mutum yana da dubu arba'in da suka kwanta shekara bakwai a banki kaza, ga shi kuma kullum yana hada-hada da wani asusun a banki kaza da BVN ɗaya, me zai sa a jira shekara 10 a kai Abuja maimakon a turo masa saƙo a ce ga kuɗinka, mu tura ko za ka zo?

Kar wani ya ce ba zai yiwu ba, an yi. Ranar 3 ga Yunin 2024 CBN ya soke lasisin Heritage Bank, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta karɓi ragamar, kuma da BVN ta nemo sauran asusun masu ajiya ta tura musu kuɗinsu har zuwa naira miliyan 5 da inshora ta rufe, mutane da yawa alat kawai suka gani ba su je ko'ina ba. Waɗanda suka sha wuya su ne marasa BVN ko marasa wani asusun na daban. Wato in banki ya mutu an san yadda za a nemo ka, in yana raye yana cin moriyar kuɗinka kuma sai a ce ai kai ne ba ka zo ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Na san abin da abokaina ma'aikatan banki za su ce, don mun yi wannan musun da ɗaya daga cikinsu har shayi ya huce. Ya ce asusun da ya yi barci shi ne abincin ɓarayi, na waje da na cikin gida, shi ya sa ake kulle shi tam, kuma in aka tura kuɗi ga wanda ba shi ba banki ne zai biya. Gaskiyarsa, ban musa ba, kuma ba na cewa a buɗe ƙofa kowa ya shigo da tsohon littafi a ƙirga masa kuɗi. Amma tsoron ɓarawo bai hana a nemi mai kaya ba. Tantancewa daban, cigiya daban.

Cigiya ɗin ce ma ta fi ba ni haushi. An ce bankuna su wallafa sunayen masu irin wannan asusun a shafukansu na intanet, a farkon 2025 CBN ya sake jaddada umarnin, suna da irin asusun da reshen da yake, ban da adadin kuɗin, wanda hakan daidai ne a ƙasar da ake satar mutane. To amma wa zai gani? Inna ce za ta shiga shafin banki ta sauke takarda mai dubban sunaye da Turanci ta bi layi-layi? A fiƙihun da muka koya a zaure, in ka yi tsintuwa shekara guda za ka yi kana cigiya, kuma ba a ɗakinka za ka yi ta ba, a ƙofar masallaci da kasuwa da inda ake zaton mai abin zai ji. Wannan kuwa ba ma tsintuwa ba ce, ajiya ce, amana ce aka kawo maka da hannu aka rubuta suna da adireshi da hoto. Bankunan da ke da kuɗin tallan sabon kati a rediyo safe da yamma, su ware rabin sa'a a sati a gidajen rediyon jihohi a karanta sunaye da Hausa da Fulatanci da Kanuri reshe-reshe, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ba masu unguwanni da dagatai. A garinmu in aka karanta sunan mutum a rediyo da safe kafin azahar labari ya kai ga jikokinsa. Kuma ya kamata CBN ya yi wuri guda ɗaya da za ka sa suna ko BVN ko ka danna lamba a ƙaramar waya ka ga ko akwai wani abu naka a ko'ina, ba sai ka bi bankuna sama da ashirin ɗaya bayan ɗaya ba. A Ingila suna da irin wannan shafi guda kyauta tun tuni, su sai bayan shekara 15 ma ake taɓa kuɗin.

Sai maganar mamata, nan ne wahalar take da gaske. Mu a nan in mutum ya rasu malami ake kira ko a je kotun shari'a a raba gado, kowa ya san tumunin mata da rabon 'ya'ya. Banki kuma yarensa daban, takardar shaidar rasuwa yake so, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci wadda ake karɓa a sashen gado na babbar kotu, kuma ita ba kyauta ba ce ana yankar wani kaso na dukiyar, ga kuɗin lauya in ka ɗauka, ga jira. Wani reshen zai karɓi wasiƙar babbar kotun shari'a ba gardama, wani ya ce sai ya tambayi hedikwata. In kuɗin miliyan ashirin ne kowa zai jure. In dubu sittin ne fa? Sai magada su lissafa kuɗin mota da na takardu su ce a bar wa Allah. Ni a ganina nan ne mafi yawan kuɗin talakawa ke maƙalewa, ba mantuwa ba ce, lissafi ne. Ya kamata a ce akwai iyaka, in kuɗin bai kai kaza ba takardar rasuwa da wasiƙar alƙalin da ya raba gadon da shaidu biyu sun wadatar, a kowane banki a kowane reshe.

Wani abu kuma da mutane ke ruɗewa a kai, wanda ka rubuta a fom a matsayin makusancinka ba shi ne magajinka ba. Shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Na ga gidan da aka yi shekara ba a ga maciji tsakanin wa da ƙani saboda ɗaya ya ɗauka tunda sunansa Baba ya rubuta kuɗin nasa ne.

Namu da ya ci wata tara kuwa ba ma gadon ba ne ya fi jan lokaci, suna ne. A littafin ajiya Muhammadu, a katin fansho Mohammed, a takardar asibiti Muhammad, a takardar hannun jari ɗaya an sa sunan garinmu a ƙarshe ɗaya ba a sa ba. Duk Bahaushe ya san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu har sau biyu. Wata rana manajan ya ce min "Malam ka yi haƙuri, ni ma na san shi ne, amma in na sa hannu a haka ni za a kora." Ban ji haushinsa ba.

Ba zan ɗora wa banki duka ba, mu ma muna da namu. Wannan ɗabi'a ta kada mata su sani kada yara su sani, wai za su raina ka ko su sa ido ko su yi ta roƙo. Na fahimta, wanda ke da mata biyu da 'ya'ya goma sha ya san dalilinsa. Amma ba a ce ka faɗi nawa ne ba, a rubuta dai banki kaza da banki kaza a takarda a sa inda za a gani, ban da lambar sirri. Addinin ma da muke taƙama da shi ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma an hore mu kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Haƙƙin marayu ne ke kwance a can fa.

Kuma kwanciyar ba kyauta ba ce. A 2014 dala ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kuɗin da Kawu ya ajiye a lokacin da za su sayi ɗan fili a bayan gari, da suka fito ko kayan ɗakin autarsa ba su haɗa ba. Shekara 10 kafin a motsa ta yi yawa a ƙasar da naira ke narkewa kamar ƙanƙara a Maris. CBN ya ce zai biya uwar kuɗi da abin da ya hau kai in akwai, to nan ma akwai magana, da yawa daga mutanenmu ba za su taɓa kuɗin ruwa ba. Tunda gwamnati na fitar da sukuk, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, tun 2017 kuma ga bankunan Musulunci irin su Jaiz da ya fara tun 2012, ba wuya ba ne a tambayi mai karɓa ko a ware masa uwar kuɗinsa a rubuce ya san abin da zai ci da abin da zai fitar.

Wani abin dariya ma, a 2020 dokoki biyu aka sa wa hannu. Dokar bankuna ta ce shekara 10 a kai CBN, Dokar Kuɗi ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu a ranar ƙarshe ta shekarar kuma ta ce ribar hannun jari da kuɗin asusun da suka yi shekara 6 ba a nema ba a zuba su a wani asusun amana gwamnati ta ranta. Ka ga kowa ya san inda kuɗin suke in ana maganar rance.

Ribar hannun jarin nan ma wata duniya ce. Duk wanda ya yi wayo a 2007 ya tuna yadda aka yi ta rububin sayen hannun jarin bankuna, har a masallaci ana raba fom, wasu suka saya da sunaye daban-daban don su samu da yawa, 2008 kasuwa ta faɗi kowa ya jefa takardunsa a akwati ya manta. Amma kamfanonin da suka rayu sun ci gaba da raba riba, ana aika cek ta akwatin gidan wayar da aka daina biya tuntuni. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Hanyar ita ce ka duba sunanka a shafin SEC, ka cike fom ɗin biyan riba kai tsaye ta asusu a bankinka ko wajen magatakardan kamfanin, daga nan su turo har da na baya.

In za ka bi naka, ka tafi da ƙafarka reshe, da katin ɗan ƙasa da BVN da hoto da takardar wuta ko wata shaidar adireshi da duk wata tsohuwar takarda da ka samu ko ta yage. Ka rubuta buƙatarka a takarda ka sa su buga maka hatimin karɓa a kwafi, don maganar baki a banki iska ce. In sati biyu ya wuce ba bayani akwai sashen kare haƙƙin kwastoma a CBN, kwafin nan shi ne makaminka. Kuma don Allah duk wanda ya kira ka a waya ya ce asusunka ya yi barci ka karanto masa lambar kati ko lambar da aka turo maka ya farfaɗo maka da shi, kashe wayar kawai, banki ba ya haka. Su kam ɓarayin sun iya nemo mutum, har da Hausa suke kira.

Takardun hannun jarin Kawu biyu sun fito, ta ukun har yanzu tana wajen magatakarda a Legas, wai sa hannun da ke fayil bai yi kama da na littafin ajiya ba, mai sa hannun kuma yana kabari. Jiya ma da na je gaishe da Inna ta ce "ɗan nan ina labarin takardar Kawunka?" na ce Inna ana nan ana bi. Ta ce to Allah ya sa ina da rabon gani.